Ƙahon da Kawu ya sa aka yi mini

A gidanmu na Adjamé a Abidjan, bayan kasuwar Roxy, ba a taɓa ɗaukata da muhimmanci ba sai da ɓargona ya yi daraja. Kafin nan ni ne Auta, wanda ake aika sayen gawayi ya dawo da labarin yadda gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, ta bi ta kan mutum ya tashi ya biya kuɗin mota. Inna takan ce ko cewa na yi rana ta fito, sai ta leƙa waje tukuna. Shekarata goma sha bakwai a lokacin, bara ke nan.

Yaya, babban wanmu, shi ke riƙe da rumfar atamfar Baba a kasuwar Treichville tun da Baba ya rasu. Ƙato ne. Ni dai na sha gaya wa yaran lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, cewa yakan ɗauki dilar atamfa a kafaɗa ɗaya, ɗaya hannun yana shan shayi, kuma rabin maganar gaskiya ce. Sai ga wannan mutum ya fara zama a kan matakalar kasuwa yana haki. In ya yi asuwaki sai ya tofar da ja. Wata rana yana auna wa wata mata yadi, ta nuna masa damtsensa ta tambaye shi wa ya doke shi. Ba wanda ya doke shi. Shatar baƙi ce ta fito da kanta, kamar an danna masa babban yatsa an manta ba a ɗauke ba.

An yi maganin zazzaɓin sauro har ya gaji, kafin aka kai shi wani asibitin kuɗi a can Treichville. Likitar mace ce, 'yar ƙasa, gajeriya, ba ta da yawan dariya. Ta ce sankarar jini ce, irin mai gudu. Ɓargon da ke cikin ƙashinsa, wanda shi ke ƙera jini, ya koma ƙera na banza, na banzan kuma yana cinye wurin na kirki. Ni na fassara wa Inna, don Faransancina ya fi Hausata, nata kuma bai wuce na cinikin tumatir ba. Ranar ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Duk da haka ta sa aka kira maƙwabciya ta sake fassara mata.

Aka kwantar da shi aka yi ta ɗura masa ruwan magani. Gashinsa ya zube, gemun da yake ji da shi ya bi, bakinsa ya yi gyambo har ruwa sai da dabara. Daga baya kuma sai ya fara cin abinci, ya fara zagina, muka san ya dawo. Maƙwabta da suka yi ta shigowa suna mana yako, sannun mutanen garin, suka koma yi mana barka.

Likita ce ta hana mu murna. Ta ce ciwon kwanciya ya yi, bai mutu ba, irin nasa kuma tashi yake yi. Abin da ke da fatan raba shi da shi ɗaya ne: a kashe ɓargonsa gaba ɗaya, a ɗebo na wani a dasa masa, ya kama kamar yadda dashen albasa ke kamawa. Ba a yin aikin a Abidjan, sai an je Tunis. Kuma sai ciwon yana kwance ake yi. In ya riga ya tashi, dashen ba ya tsinana komai. Ba ta san tsawon barcin da zai yi ba, ta ce ba kuma wanda ya sani.

Ɓargon ma ba na kowa ba. Sai wanda jikin Yaya ba zai ɗauka baƙo ba, an fi samunsa kuma wajen 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Aka ɗebi jinin yayyena mata biyu da nawa aka aika ƙasar waje. Na babbar bai dace ba. Na mai bi mata bai dace ba. Da likita ta ce nawa ne ya dace, Yaya ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce shi ke nan, in ya warke zai fara ƙarya.

Daga ranar na zama sarki. An hana ni ɗebo ruwa, an hana ni ƙwallo, an hana ni liƙewa a ƙofar gbaka ina taya yaron mota kiran fasinjojin Abobo. An saya mini gidan sauro sabo, ni da na saba kwana sauro na ɗaukata su kai ni tsakar gida su dawo da ni da asuba. Hanta, ƙwai, zogale, zoɓo, duk abin da wata tsohuwa a unguwa ta taɓa ji yana ƙara jini, sai da ya bi ta maƙogwarona. Abin da ya fi ci mini rai garba, wato acheke, dambun rogo, da soyayyen kifin nan na bakin titi, da aka haramta mini. Nakan bi ta gaban mai garba in rage tafiya, shi kuma da labari ya riga ya kai masa sai ya juya mini baya. Likita da bakinta ta ja mini kunne: kada sauro ya cije ni, kada in ci abin titi, kada wani mai maganin kan tebur ya yi mini allura, kuma in yi nesa da 'yan mata. Na ce mata na ƙarshen nan su ya kamata ta gaya wa. Ba ta yi dariya ba.

Sai maganar Kawu, wan Inna, mai sayar da albasa buhu-buhu a Adjamé. Tun yana saurayi ya zo daga Nijar, har yau kuma bai yarda Abidjan gari ba ne, ya ce kasuwa ce ta yi girma. Da yake Yaya ɗan fari ne, Inna na kunyarsa, a hannun Kawu ya tashi. Shi ya goya shi, shi ya kai shi makarantar allo, shi ya koya masa ciniki. Da ciwon ya zo, shi ya zagaya rumfunan 'yan uwa yana tara gudummawa har tafiyar Tunis ta zama abin da za a iya. In Yaya na asibiti Kawu ba ya iya shiga ɗakin, sai ya zauna a kan benci a waje yana jan carbi da ƙarfi kamar carbin ne ya yi laifi.

Ana saura kaɗan mu tafi, wata Asabar da hantsi, ya zo ya tsaya a ƙofar gida ya ce Auta ya sa riga ya biyo shi. A hanya ya yi mini bayani. Ya ce ba a kai wa mutum kyautar hatsi ba a sheƙe ba. Jinina, in ji shi, shekara da shekaru man kifin garba ne da ƙazantar titi suka taru a ciki, kuma shi ba zai zuba ido a ɗura wa ɗansa wannan dagwalo ba. Za a yi mini ƙaho a fitar da mataccen jini, wanda ya rage mai kyau shi za a kai Tunis. Shi duk shekara in zafi ya shigo yana yi, ubansa ma haka, kuma har ya mutu bai san ƙofar asibiti ba.

Gaskiya daɗi na ji. Ƙaho na manya ne. Tun kafin mu isa na gama shirya yadda zan ba da labarin a lakwal.

Wanzamin yana wani lungu bayan rumfunan Roxy, ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano, tsoho ne mutumin garin su Kawu. Mun tarar da mutane a gabanmu, 'yan dako da wani direba, sun tuɓe riguna sun jeru a kan benci da ƙahoni a baya kamar garken shanu sun zo taro. Wanda na bi bayansa wani siriri ne mai tari. Da ya juyo zai sa riga na ga farin idonsa ya yi ruwan ƙwaiduwa. Na lura ne kawai don na ga abin dariya, har na so in taɓa Kawu in nuna masa.

Wanzami ya goge askarsa da wani tsumma, ya wasa ta a fata, ya ce in ba shi baya. Ya shafa mini ruwa, ya kafa ƙahon ya zuƙa da baki har fatar ta kumbura, ya cire, ya tsattsaga wurin da bakin aska sauri-sauri, ya mayar ya sake zuƙa. Ba zafi sosai, kamar ƙaiƙayi ne mai haƙori. Da ya ɗaga ƙahonin ya juye abin da ke ciki a wani gwangwani mai yashi, guda-guda, baƙi ƙirin kamar hanta. Kawu ya sunkuya ya duba da kyau, ya kaɗa kai.

“Ka gani ko? Wannan za a sa wa ɗana.”

Ya saya mini fura a hanya. Rabon da in gan shi da fara'a haka tun kafin ciwon.

Ranar da muka koma asibiti don gwajin ƙarshe kafin tafiya, ni da Yaya muka shiga. Likita ta ce in cire riga ta saurari ƙirjina, ta kuma duba ƙashin ƙugu, inda za a soka a ɗebi ɓargon. Na cire, na juya.  Na daɗe ina jiran sanyin abin sauraron a bayana bai zo ba.

Ta tambaye ni mene ne wannan. Na ɗauka burge ta na yi, na shiga ba ta labari, har na ce jinin da aka fitar ya cika bokiti. Ta katse ni.

“Askar sabuwa ce? A gabanka aka ɓare ta?”

Na ce askar ta girmi Inna.

“Mutum nawa aka yi wa da ita kafin kai?”

Na ce duk wanda ke kan bencin. Sai mai ruwan ƙwaiduwar nan ya faɗo mini a rai, na faɗa mata shi ma, amma wannan karon ba da sigar dariya ba.

Ta zauna, ta cire tabarau ta ajiye. Ta yi mana bayani a hankali, tana duban Yaya, ba ni ba. Ciwon hanta da sida, wato ƙanjamau, suna bin bakin aska daga jini zuwa jini. In sun shiga yau, gwaji ba ya ganinsu gobe, sukan ɓuya makonni kafin su nuna. Ni mai lafiya ne, ko da wani abu ya shige ni akwai yadda za a yi. Amma Yaya, in aka kashe ɓargonsa, ba sauran mai tsaro ko ɗaya a jikinsa, abin da ke cikin jinina kuma duk zai tafi tare da ɓargon. Ta ce za ta yi magana da likitocin Tunis, amma ta san amsarsu. Haka kuwa aka yi. Suka ce a ɗaga tafiya, a jira, a sake gwada ni. Kafin nan a ci gaba da ba Yaya magani ko ciwon ya daɗa barci.

A cikin woro-woro, tasin haɗaka, muka tsallake gada za mu gida har muka shiga unguwar Plateau. Sannan Yaya ya ce in bar shi shi zai gaya wa Kawu. Na ce to. Kafin magariba duk Adjamé ta ji, har yau ban san ta yaya ba, don mutum uku kawai na gaya wa.

Kawu ya zo da faɗa. Ya ce askar nan ta bi bayan limamai da alhazai ba ta kashe kowa ba. Ya ce likita ta raina abin mutane ne don ba daga Faransa ya zo ba. Ya ce a kira ta a waya ya yi magana da ita, aka ce ba ta jin Hausa, ya ce to da ma. Inna na zaune tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai ba. Ƙanwa ba ta mayar wa wanta magana, uwa kuma ba ta nuna zafin ɗan fari a gaban mutane, saboda haka shinkafar ce ta sha wuya. Yaya ne ya kwantar da shi, ya ce jinkiri ne kawai, kuma shi ma da an tambaye shi da ya ce a wanke jinin Auta da omo. Kawu ya yi dariyar dole ya tafi. Washegari bai zo ba. Buhun albasa ya aiko, abin da ba mu roƙa ba.

Jiran nan ban taɓa ganin irinsa ba. Kullum da safe Inna sai ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta ja fatar idona ƙasa ta duba ko ya fara rawaya. Idona ya sha ja har na fara gani ta ƙeya. Yayyena mata in sun zo, kafin gaisuwa ido. Maƙwabciya ta ce a riƙa duba fitsarina ma, na ce wannan kam sai dai a kai ni kotu. In na yi hamma sau biyu a jere sai gidan ya yi tsit.

Su suna dubana, ni ina duban Yaya. Ba ya zuwa kasuwa, likita ta hana shi shiga taro, sai ya zauna bakin taga da ƙyalle a hanci yana jin hayaniyar Roxy daga nesa. Na san yawan lomar da yake yi. Na san lokacin da ya fara barin nama a kwano yana turo mini. Damina ta sauka, lungunmu ya cika da ruwa, sauro suka yi aure suka hayayyafa, aka ƙara mini gidan sauro na biyu a kan na farko. Wata la'asar na shigo na tarar da shi yana sallah a zaune. Da ya sallame ya ce gwiwarsa ce. Mutumin da bai kai talatin ba.

Rannan na ce masa mu tafi kawai. Na ce ni na san jinina, ƙalau yake, ko ƙwayar ciwo ta shigo man garba zai kashe ta. Ya ce in zo in zauna. Ya ce ya tambayi likita hakan tun ranar farko, ba na nan, ta ce masa in aka yi gaggawa aka sa masa ciwon hanta a jikin da ba mai tsaro, ba za ta iya ce wa Inna ba ta sani ba. Sannan ya tambaye ni ko ƙahon da zafi. Na ce ko kaɗan. Ya ce shi tun yana yaro Kawu ke cewa zai kai shi, yana gudu.

Bayan nan ya fara sa riga mai dogon hannu, cikin zafin da ko bango gumi yake yi. Ban tambaye shi ba. Inna ma ta gani, na san ta gani, don ta daina duba idona da safe sai in na kai mata kaina.

Ranar sakamako tare muka je, don shi ma an ɗebi jininsa. Mun zauna a kan benci muna jira, tafin hannunsa da zafi da ya dafa ni zai miƙe. Likita ta fara da ni. Ta ce babu komai, ba hanta, ba sida, jinina tas. Na miƙe na yi juyi a tsakiyar ofis, na ce da ma na faɗa, na ce a kira jirgi ya zo ƙofar asibiti ya ɗauke mu. Na juyo in tafa da Yaya sai na ga ba ni yake kallo ba. Ita yake kallo, ita kuma ba ta ajiye ɗaya takardar ba.

Ta ce ciwon ya tashi. Ba da yawa ba tukuna, amma ya tashi, kuma Tunis ba za su yi dashe a kansa ba. Yau ɗin nan za a kwantar da shi a sake ɗura masa magani, wanda ya fi na farko ƙarfi. In ya sake kwanciya, ba za a jira ko kwana ba, za mu tafi. Ta ce karo na biyu ya fi wuyar kwanciya, ba ta ɓoye mana ba. Yaya ya tambaye ta in bai kwanta ba fa. Ta ce to ba maganar dashe.

Ya sake tambayarta, da murya ƙasa-ƙasa, ko da mun tafi a kan lokaci da an tsira. Ta ce ba wanda zai iya rantsewa. Wataƙila da an riga shi, wataƙila da a can zai tashi. Ta juyo gare ni ta ce in ci gaba da kula da kaina kamar da, kada komai ya taɓa fatata.

Aka tafi da shi ɗakin da ba a shiga sai da ƙyalle a hanci. Kafin a rufe ƙofa ya ba ni agogonsa da takalmansa a leda, ya ce in kai gida in kawo masa silifa da buta. Ya ce kada in tsaya ko'ina.

Ni kaɗai na tsallako gada. Da na sauka a Roxy sai ga Kawu tsaye inda woro-woro ke sauke mutane, cikin yayyafi, ba laima. Ya bar rumfarsa, abin da ko ranar Sallah ba ya yi sai da rana ta take. Ya dubi bayana ko Yaya zai fito daga motar. Ya dubi ledar da ke hannuna.

Na gaya masa yadda aka yi, tiryan-tiryan. Jinina lafiya, ciwon Yaya ya dawo, an kwantar da shi. Bai yi salati ba, yaran mota suna ta ture mu suna kiran fasinja. Can ya matso kusa.

“Auta, da ban kai ka wurin nan ba, da yanzu an yi masa?”

Na ce likita ta ce ba wanda ya sani.

“Na ji ta likita. Kai nake tambaya. Da kun tafi?”

Na nemi abin da zan ƙara ko in rage, ni da ban taɓa rasawa ba. Ban samu ba.

“Da mun tafi, Kawu.”

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi ledar daga hannuna, ya ce in wuce gida kada sanyi ya kama ni, in bi ta gefen da ba kwata, shi zai sayi silifar da butar ya kai. Na tsaya ina kallonsa ya tsallaka titi yana neman motar Treichville, motoci suna ta danna masa oda bai waiwaya ba.